Bitar Koyon Wasan Kwaikwayo Ga Sababbin Shiga: Abin Da Ya Kamata Matasanmu Na Kudu Su Sani

Kwanakin baya wani ɗan yayata da ke taya mahaifinsa tsaron shago a Agege ya same ni da wata takarda a hannu. Wai wasu ne suka ce suna ɗaukar sababbin 'yan fim, a biya kuɗin fom, a biya kuɗin hoto, bayan mako biyu za a kira mutum. Ya biya, ya zauna jira, har yau lambar wayar ba ta shiga. Na tambaye shi, "Kai kuwa ka taɓa tsayawa gaban mutum goma ka yi magana ta minti biyu?" Sai ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce, "Kawu, ai in an kunna kyamara zan iya."

Wannan amsar ce ta sa na zauna na rubuta bayanin nan. Yaranmu da yawa a Agege, Idi-Araba, Obalende, Sabon Ibadan, Sabon Shagamu, Ama Hausa ta Owerri da sauran zangunanmu suna sha'awar harkar wasa, amma ba su san ta inda ake shiga ba, shi ya sa macuta ke samun su a arha. Ƙofar da na sani, wadda ni ma ta ita na bi shekarun baya, ita ce bitar koyon wasan kwaikwayo ta sababbin shiga. Ga bayanin yadda take.

Mece ce wannan bita?

Horo ne na ɗan gajeren lokaci da ake shirya wa matasa waɗanda ba su taɓa hawa dandamali ba, ko suka ɗan taɓa a makaranta. Galibi 'yan shekara 18 zuwa 30 ake nema. Wata bitar kwana uku ce a jere, wata Asabar da Lahadi ce har tsawon wata ɗaya ko biyu. Ba a neman digiri, ba a neman iya Turanci, ba a kuma duba kyan fuska. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin da biyar sun isa aji guda, domin in aka yi yawa mai horarwa ba zai iya lura da kowa ba.

A kula, bita daban, tantancewa daban. A wurin tantancewa darakta yana da wasa a hannu, yana neman wanda ya riga ya iya, in ba ka dace ba ya sallame ka. A bita kuwa rashin iyawar ne ya kawo ka, don haka ba wanda zai kore ka saboda ka yi kuskure.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe, wanda yara ke farawa bayan azumi ya kwana goma: a manna gemun auduga, a sa tsumma, a kwaikwayi tsoho ko boka ko rago, a yi wa jama'a gyara cikin raha. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon wa'azin malamai da zancen abinci, akwai wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Waɗanda suka yi makaranta a Arewa sun karanta *Jatau Na Kyallu* na Shu'aibu Maƙarfi da *Uwar Gulma* na Mohammed Sada. Iyayenmu kuma sun sha kallon marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da marigayi Ƙasimu Yero a talabijin. Ita kanta Kannywood daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta fito: fim ɗin *Turmin Danya* na 1990, wanda ake ƙirga farkon masana'antar da shi, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi shi, kuma 'yan ƙungiyar sun daɗe suna wasa kafin su kai ga bidiyo.

Nan Kudu ma haka tarihin yake. Hubert Ogunde ya ajiye aikin ɗan sanda a tsakiyar shekarun 1940 ya kafa ƙungiyarsa mai yawo gari-gari, kuma a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi manyan 'yan wasan Yarabawa suka yi almajirancin sana'ar. Jami'ar Ibadan ta buɗe makarantar koyon wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960. Abin nufi, ko ta wane ɓangare ka duba, koyo ne ya riga suna zuwa.

Abin da ake koyarwa

*Jiki.* Ranar farko kada ka sa ran za a miƙa maka takardar hadda. Za a ce kowa ya cire takalmi, a yi da'ira, a miƙe gaɓoɓi, a yi tafiya cikin ɗaki da sauri, a rage, a tsaya cak in an tafa. Wasu sukan ji haushi, su ce wasan yara aka kawo su yi. To amma kayan aikin ɗan wasa jikinsa ne, kuma yawancinmu ba mu san yadda muke tsayuwa ko tafiya ba. Daga nan za a ce yi tafiyar ɗan dako da buhun albasa a ka, yi ta alhajin canji da ya fito daga masallaci, yi ta tsohuwar da gwiwa ke damu. Ba magana, ba sutura, jiki kawai zai gaya wa mai kallo wane ne wannan.

*Numfashi da murya.* Nan ne aka fi shan wuya. A kan dandamali sau da yawa babu makirfo, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji ka ko da raɗa kake yi. Ihu ba ya magance wannan, maƙogwaro kawai zai dishe. Ana koya wa mutum ya ja numfashi har cikinsa ya kumbura, ba kafaɗa ta ɗaga ba, sannan ya saki iskar a hankali da magana a kanta. Akan sa mutum ya kwanta rigingine ya ɗora littafi a ciki, ya ga yana hawa yana sauka. Sai atisayen karya harshe don baƙaƙe su fita tas. Wanda ya yi karatun allo da ƙarfi, ko ya taɓa kiran salla, ko ya yi talla a tasha, yana da jari a nan, gyara kaɗan yake buƙata.

*Sauraro da lura.* Akwai atisayen madubi: mutum biyu su fuskanci juna, ɗaya na motsi a hankali, ɗaya na bin sa daidai, har mai kallo ya kasa gane wa ke jan wa. Akwai na makaho da ɗan jagora, inda ɗaya zai rufe ido ɗaya ya zagaya da shi ɗaki ba tare da ya yi karo ba. Hikimar ita ce, sabon ɗan wasa yakan tsaya yana jiran layinsa ya zo, ba ya jin abin da abokin wasansa ke faɗa. Mai kallo kuwa nan take yake gane wanda ke sauraro da wanda ke ƙirga.

*Ƙirƙira nan take.* Mai horarwa zai ce, "Kai direban danfo ne, ke fasinja, ya ce ba shi da canji. Bismillah." Ba rubutu, ba shiri. Dokar farko ita ce kada ka ƙaryata abin da abokinka ya kawo. In ya ce taya ta fashe, to ta fashe, ka ɗora daga nan. In ka ce ba ta fashe ba, ka kashe wasan. Na ga yaran da ba sa iya haɗa ido da mutum sun buɗe baki a wannan darasi har an rasa mai tsayar da su.

*Shiga rigar wani.* Sai an yi nisa ake kawo rubutaccen wasa, shi ma shafi ɗaya ko biyu. Yawancin masu horarwa suna bin tafarkin Konstantin Stanislavski, ɗan ƙasar Rasha da ya rasu a 1938, wanda ya tsara hanyar da ɗan wasa zai bi ya fahimci mutumin da yake kwaikwayo. A taƙaice tambayoyi ne: Wane ne ni? Ina nake? Me nake so daga wannan da ke gabana? Me ya tare mini hanya? Ɗauki uban da ke yi wa ɗansa faɗa don ya dawo gida da dare. Sabon shiga zai ɗaure fuska ya yi ta hargowa. Wanda aka horar zai gane cewa uban tsoro yake ji, ya kwana yana leƙen ƙofa saboda an yi kame a unguwa, kuma abin da yake so shi ne yaron ya yi masa alkawari. Kalmomin ba su canza ba, amma 'yan kallo za su yi tsit.

*Ladubban dandamali.* Kada ka juya wa 'yan kallo baya kana magana, sai da dalili. Kada ka tare abokin wasanka. In an ce dama ko hagu, ana nufin damar ɗan wasa yana fuskantar jama'a. Inda darakta ya ce ka tsaya, nan za ka tsaya yau da gobe, domin mai fitila a nan ya saita haskensa. In an yi dariya, dakata ta lafa kafin ka ci gaba. In ka manta layi, kada ka dubi sama kana sosa ƙeya, ci gaba a matsayin mutumin da kake, abokanka za su fitar da kai.

*Aikin bayan labule.* Bita mai kyau takan ware lokaci don fitilu, sauti, sutura, kwalliya, haɗa kayan dandamali da kuma kula da tafiyar wasa. Kada a raina wannan fanni. Telanmu, kafintanmu, mai gyaran wuta da mai lalle duk suna da gurbi, kuma sau da yawa sun fi jarumi samun aiki a kai a kai.

*Wasan rufewa.* Ranar ƙarshe akan gayyaci iyaye da abokai, a nuna gajeren wasa na minti goma zuwa ashirin, wanda sau da yawa ɗaliban ne suka haɗa labarinsa. Nawa na farko, ƙafata rawa ta dinga yi har na ji kamar katakon ne ke motsi. Da aka tafa sai na ji kamar a sake.

Wasan da 'yan kallo ke sa baki

Akwai wani salo da nake so shugabannin zangunanmu su san da shi. Augusto Boal, ɗan ƙasar Brazil da ya rasu a 2009, shi ya yi fice da shi. Ana nuna gajeren wasa a kan matsalar da jama'a suka sani, a bar shi ya ƙare ba daɗi. Sai a sake farawa, a ce duk ɗan kallon da yake ganin akwai inda za a gyara ya tsayar da wasan, ya hau ya karɓi matsayin wanda abin ya shafa, ya gwada tasa dabarar. A Najeriya, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi suna tun shekarun 1970 wajen fita da ɗalibai Samaru da ƙauyukan kewaye, su zauna da mutane, su ji damuwarsu, su mayar da ita wasa da Hausa a dandalin gari. Farfesa Oga Steve Abah na cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki.

Mu da ke zaune cikin wasu ƙabilu mun fi kowa buƙatarsa. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021 daga 'yar taƙaddama a bakin shago ya faro, ya kai ga asarar rayuka da ƙona shaguna. Ban ce wasa zai hana rikici ba. Amma in aka tara 'yan dako, masu shago da 'yan ƙungiyar kasuwa, Hausawa da masu gari, aka kwaikwayi minti biyar na farkon irin wannan sa-in-sa, kowa ya gwada yadda zai kashe wutar, to an yi atisayen ranar tsiya tun ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda za a nema a Kudu

A Legas akwai babban ɗakin wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka yi bikin FESTAC na 1977 a cikinsa, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. Akwai Terra Kulture a Victoria Island, ta Bolanle Austen-Peters, wadda ke da makarantar horas da matasa rubutun labari, sauti da fitilu. Akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Broad Street da aka mayar wurin wasanni. A Bariga akwai ƙungiyar Crown Troupe ta Segun Adefila, wadda tun 1996 take aiki da matasan unguwa.

A Ibadan, ban da jami'a, akwai cibiyar al'adu a kan tudun Mokola, wadda ɗan Sabo zai taka da ƙafa. Jami'o'in Legas, Ile-Ife, Benin, Nsukka, Fatakwal da Kalaba duk ana koyar da wasan kwaikwayo a cikinsu, kuma ɗalibansu kan nemi unguwannin da za su yi aikin fili. Jihohi kuma suna da hukumomin raya al'adu, ga ƙungiyar masu wasan kwaikwayo ta ƙasa, NANTAP, mai rassa a jihohi.

Waɗannan wurare ba kullum suke da bita ba, lokaci-lokaci ne, wata kyauta, wata da kuɗi. Shawarata ka je da kanka, ka kalli wasa ko guda ɗaya, bayan an tashi ka tambayi 'yan wasan inda suka koya da kuma yaushe za a sake buɗewa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

In kuma tafiyar ta yi nisa, ƙungiyar matasan unguwa za ta iya shirya tata. Ajin makaranta guda bayan an tashi, mai horarwa ɗaya daga jami'a ko wata ƙungiya, ruwan sha da kuɗin motarsa, sai izinin Sarkin Hausawa da liman. Ba a buƙatar labule ko janareta.

Yadda ake gane ta gaskiya

- Ana faɗin sunan mai horarwa, kuma za ka iya gano wasannin da ya taɓa yi.
- Wurin sananne ne, kamar makaranta, ɗakin taro ko cibiya. In aka ce ɗakin otal, ko gidan wani, ko da dare, juya abinka.
- Akwai jadawali a rubuce: ranaku, awoyi da darussa.
- In akwai kuɗi, ana faɗin jimlarsa tun farko a ba da rasit. Ba a ƙaro na hoto yau, na katin shaida gobe.
- Ba a yi maka alkawarin fitowa a fim ko haɗa ka da wani jarumi.
- Ba a neman hotunan da ba za ki iya nuna wa mahaifiyarki ba.
- Ana barin uba ko yaya ya zo ya ga wurin.

Tambayoyin iyaye

Iyaye da yawa da sun ji an ce wasa sai ransu ya ɓaci, kuma ban ga laifinsu ba, domin sun ga abin da suka gani. Ga abin da zan ce. Yawancin bitocin Kudu a haɗe suke maza da mata, kuma wasu atisaye akwai riƙe hannu ko kafaɗa. Maganinsa shi ne a gaya wa mai horarwa tun ranar farko, cikin ladabi, cewa ni ba na taɓa wanda ba muharramina ba. Mai horarwa na ƙwarai zai haɗa mace da mace, namiji da namiji, ba abin da zai ragu a darasin. In ya ƙi ko ya yi ba'a, to ba wurin zama ba ne. Hijabi ba ya hana komai, a dai sa sutura mai yalwa da za a iya motsi a ciki. A yi maganar lokutan salla da Juma'a tun kafin a fara. Haka nan in aka ba ka rawar da ta saɓa wa addininka, kana da damar cewa a ba ka wata.

Ku kuma iyaye, maimakon hani kai tsaye, wanda sau da yawa ɓoyewa yake haifarwa, ku raka yaron ranar farko, ku kuma halarci wasan rufewa. Gani ya kori ji.

Me mutum zai fita da shi?

Gaskiya ɗaya ce: bitar wata guda ba za ta mayar da kowa jarumi ba, kuma satifiket ɗinta ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Masu cin abinci da wasan daɓe kaɗai ba su da yawa, don haka kada wanda ya rufe shagonsa ko ya bar makaranta saboda ita. Abin da take bayarwa shi ne iya tsayuwa gaban jama'a, zuwa a kan lokaci, aiki cikin ƙungiya, da jure gyara ba tare da fushi ba. Wannan zai yi maka amfani a ciniki, a ofishin 'yan sanda in ka je belin ɗan uwa, da wurin neman aiki. Masu haɗa barkwanci a TikTok ma za su ga bambanci a aikinsu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Ku duba yadda ake fito da Bahaushe a yawancin fina-finai da wasannin Kudu: maigadi ne da rediyo a kunne, ko mai suya, yana gwamutsa Turanci ana dariya. Mun daɗe muna ƙorafi a majalisa, amma ƙorafi bai taɓa gyara labari ba. Sabon Ibadan tun 1916 take, wato akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yana jin Hausa, Yarabanci, Turanci da buroka, yana sauya su a zance guda ba tare da ya sani ba. Darakta mai hankali zai yi murna da samun irin wannan ɗan wasa. Labaranmu kuma suna nan jibge: fataucin goro da shanu, auren Bahaushe da Bayarabiya, ɗan da aka kai gida Arewa aka ce masa ɗan Kurmi, a nan kuma ana ce masa baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in ba mu koyi sana'ar ba, wasu za su ci gaba da ba da labarinmu yadda suka hango shi daga bakin titi.

Shi ɗan yayar tawa, na kai shi wata bita ta Asabar da Lahadi. Mako na farko ya dawo yana mita, wai tsalle-tsalle kawai aka sa su. A na uku na same shi a bayan shago yana atisayen numfashi, ƙannensa na yi masa dariya. Kuɗin da aka cinye masa dai sun tafi, amma yanzu in ya ga takardar neman 'yan fim, tambayar farko da yake yi ita ce, "Wa zai koyar, kuma a ina?"

Allah Ya yi wa matasanmu jagora, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.